Hoton Zauren Gidan Inuwa

Ladan mai hoto yana shanya hotuna a igiyar tsakar gida lokacin da dutsen farko ya faɗo. An idar da sallar magariba ke nan a Bebeji, kaji sun hau katanga, yayarsa Laraba tana kwashe tuwo. Dutsen ya dira a kwanon miya, ya fantsama mata a zane. Ta ɗaga kai tana zagin 'ya'yan maƙwabta. Na biyu da ya zo, daga cikin ɗaki ya fito, ɗakin da ba kowa a ciki.

Ladan mutum ne mai taurin kai, irin wanda in ya ga birni sau biyu sai ya ɗauka ya fi tsofaffi sani. A shekarar 1988 da aka ce za a fitar da hanya ta tsohuwar unguwarsu, sai ya rataya kyamara ya dinga bin lungu-lungu. Ya ɗauki rijiyar da ya taɓa faɗawa yana yaro, da marinar da ta rufe, da kukar da ake yi musu aski a gindinta. Mutane na dariya, wai Ladan ya rasa amare ya koma ɗaukar katangu. Shi kuwa yana yi yana share hawaye, don duk inda ya saita akwai wanda ya mutu ya bar shi.

Kangon gidan mahaifinsa Inuwa ya bari a ƙarshe. Ya isa rana ta faɗi. Akwai ɗakin baya a gidan, wanda Inuwa bai taɓa shiga ba sai da sallama, ko da kuwa buhu zai ɗauko, kuma haka ya hori 'ya'yansa. Ladan ya tura ƙyauren da ƙafa, ai gidan ubansa ne, ya haska wutar kyamara cikin duhun.

Kwana uku ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu 'yarsa Safara'u, mai shekara goma sha huɗu, marainiyar da Laraba ta raina tun tana tsumma, ta aje tsintsiya ta zauna a ƙasa. Ta rufe idonta na hagu da tafin hannu, ta fara kuka da muryar da ba tata ba.

"Ladan, me ka yi?" Laraba ta tambaya a hankali.

"Hoto kawai na ɗauka, Yaya."

Washegari aka ɗauko Malam Balarabe daga Badafi a bayan babur. Tsoho ne marar hayaniya. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida kafin bakin Safara'u ya buɗe.

"Malam, ka daina ƙona ni," in ji muryar wata tsohuwa. "Ni ma Musulma ce."

"To baiwar Allah, me yarinya ta yi miki?"

"Ubanta za ka tambaya. Mun san shi tun yana rarrafe. Shekara nawa muna ɗakin nan, Inuwa bai taɓa shigo mana ba sallama ba. Wannan ya banko ƙofa, ya watsa wa 'yata wuta a fuska. Idonta ɗaya ya mutu. Ido nake so."

"Bai sani ba."

"Ya sani. An gaya masa."

Ladan ya sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Malam ya daɗe yana roƙonta, yana haɗa ta da Allah. Can muryar ta yi sanyi. Ta ce su ma tashi za su yi, tunda za a rushe musu wuri, amma ba za su tafi su bar gidansu a takarda ana yi musu kallo ba. Duk hoton da gidan ya fito a ciki, sabo da tsoho, har fim ɗin da aka wanke shi, a ƙone kafin magaribar gobe. In ko ɗaya ya rage, ido yana nan a bakin ido. Safara'u ta yi atishawa uku, ta kwanta barci.

Da safe Ladan ya haɗa wuta a bayan gida. Ya ƙone aikin wata biyu. Sai da ya buɗe gwangwanin da yake ɓoyewa a ƙasan akwati hannunsa ya tsaya. Hoton Zuwaira ne, matarsa, ranar sunan Safara'u, tana tsaye a ƙofar zauren gidan Inuwa da jaririya a hannu. Kwana talatin bayan nan ta rasu. Ba ta da wani hoton a duniya, kuma duk Sallah sai ya fito da shi ya nuna wa yarinyar uwarta.

Nan fa dabarar masu hoto ta zo masa. Ya ɗauko almakashi ya zagaye jikin Zuwaira tsaf, ya yanke zauren, ya jefa gefen da fim ɗin a wuta. Ya ce a ransa, wannan hoton mace ne, ba na gida ba. Abin tausayi, tsakanin wuyanta da kan jaririyar akwai ɗan gurbi kamar ƙwayar gero, inda ƙyauren zauren ya leƙo. Ya gan shi sarai. Ya zura hoton cikin hularsa.

Magariba ta yi, ba jifa. Safara'u ta tashi ta nemi ruwa. Laraba ta miƙa mata moɗa ta gefenta na hagu, yarinyar ba ta juyo ba.

"Gwaggo, ina kike? Wannan gefen duhu ne."

Idon yana nan garau, fari tas, ba abin da ya same shi a gani. A asibitin Kano ma haka suka ce. Ladan ya riga ya ƙone hoton tun a daren da abin ya faru, yana kuka kamar yaro, amma ba abin da ya sauya. Malam Balarabe da aka koma wurinsa ya ce ai tsohuwar ta riga ta tafi, ba wanda zai kira.

Da suka dawo daga Kano, Ladan ya nufi kangon don ya ba da haƙuri. Ya tarar katafila ta riga shi. Ba zaure, ba ɗakin baya, ba bishiyar kukar nan, sai jar ƙasa a shimfiɗe. Ya auna da ƙafa inda yake zaton ƙofar take, ya cire takalmi, ya yi sallama sau uku. Masu aikin hanya suka tsaya suna kallonsa.

Bai sake taɓa kyamara ba. Ranar ƙaramar Sallah, bayan an sauko daga idi, Safara'u ta zo ta durƙusa gabansa da sabon zanenta, ta karkato da fuska yadda ta koya don ta gan shi.

"Baba, a fito min da hoton Inna in gani. Wannan idon ai yana gani."

Ladan ya shiga ɗaki, ya jawo akwati, ya buɗe gwangwanin. Ya daɗe a durƙushe a gabansa, tana waje tana jira.