Ruwan da Gilbert Bai Sha Ba

Wata Asabar a shekarar 1978, Roseline ta shiga shagon gyaran rediyo da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, rungume da rikodar babanta da ta daina juya kaset. Mai shagon, Gilbert, ya ɗago kai, ya shagala da kallonta har dalma ta ɗiga masa a yatsa.

"Sannu, Injiniya," ta ce. "Haka kake gyaran?"

"Sai in Malama ta shigo."

Malamar firamare ce kuwa. Aikin minti goma ne, amma gogan naka ya ja shi wata biyu. Ita ma ta gane, ta riƙa zuwa tambaya duk Asabar. Daga nan wasiƙu suka fara.

"Rosi tawa, duk tashar da na murɗa, muryarki nake kamawa. Naki, Injiniya."

Akwai abin da bai rubuta ba. A Fatakwal, inda ya koyi sana'a, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya koya masa shaƙar koken, farar hodar da yau ake kira hodar ibilis, kuma yakan aiko masa da ita jefi-jefi. Gilbert ya yarda tana wasa masa ƙwaƙwalwa. In ya shaƙa, na rabin awa ba wanda ya kai shi basira a duniya. Sai dai zai buɗe rediyo uku bai rufe ko ɗaya ba, washegari kuma kansa ya yi nauyi kamar buhun citta.

Ranar da zai je gaida iyayenta, tsoron mahaifinta, Baba Kambai, dattijon ikkilisiya, ya sa ya shaƙa a hanya. Ya kai rikodar, ya danna jan maɓallin ɗaukar magana don ya nuna ta gyaru, ya manta bai kashe ba. Ya fito yana murna, a ganinsa ya burge kowa.

Bayan kwana biyu kaset ya iso shago da 'yar takarda.

"Baba ya ce a'a. Ka saurara har ƙarshe, in za ka iya. Roseline."

Ya kunna. Muryarsa ce ke gudu, daga batir ta faɗa siyasa, daga siyasa ta koma shagon da zai buɗe a Jos. Can ƙasa ya ji Mama Afiniki, mahaifiyar Roseline: "Ɗana, ga ruwa." Bai tsaya ba. Sau uku ta faɗa. Baba ya tambaye shi sunan mahaifinsa, shi kuwa ya amsa da bayanin rediyon Japan. Bayan ƙarar tafiyarsa, kaset bai ƙare ba.

"Yaron yana da baki, ba ya da kunne," in ji Baba. "Mata na ya riƙe ruwa har hannu ya gaji. Ran da yarinya na zai yi kuka, wa zai ji?"

Kunya ta kama Gilbert har ya kasa tashi. Abin da ya fi tsorata shi, ko kaɗan bai tuna da wani ruwa ba.

Ya tare Roseline a ƙofar makaranta, ya faɗa mata komai, har da batun hodar. Ta yi hawaye, sannan ta ce:

"Wani malami a Godogodo, Eli, ya turo iyayensa neman aurena. Baba ya ba ni wa'adi zuwa girbin citta. Ba na son Eli, kai nake so. Amma shi in ina magana yana jira in gama."

Ran nan ya zubar da hodar a kwata, ya je wurin likitan asibitin mishan, ya rubuta wa na Fatakwal kada ya sake aikowa. Makonnin farko ba daɗi: barci, fushi, da kwaɗayin da ke zuwa duk lokacin da jirgin kudu ya yi kuka. Sai Roseline ta mai da shi ɗalibi. Kowace yamma ta karanta Zabura, shi ya rubuta, kamar shiftar 'yan aji uku.

"Kuskure goma sha ɗaya, Injiniya. Yarana sun fi ka."

"A yi haƙuri, Malama. Maimaita."

A wata na huɗu ta duba takardarsa sau biyu, ba ta sami inda za ta sa jan biro ba.

Da aka fara tonon citta ya koma gidan. Mama ta fito da kofi. Gilbert ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye.

"Mama, ki gafarta mini na wancan karon."

Baba ya shafe awa guda yana labarin gona, sannan ya juyo kwatsam. "Da me na fara?"

"Da tambayar sunan babana, Baba. Kumai ne sunansa. Tun watan Yuli ake jiran amsar."

Tsohon ya yi dariya har da tari.

An ɗaura auren bayan Ista, matan zumunta suna kaɗa tulu suna waƙa. Da Fasto ya yi doguwar tambayarsa, Gilbert ya jira ta ƙare tsaf, sannan ya ce, "Na yarda."

"Ubangiji ya sa albarka, ya ba ku zaman salama," in ji Baba Kambai, ya dafa kawunansu. "Roseline, yanzu ki yi magana. Zai ji."