Kwali a Gaban Madubi

Ranar Litinin da hantsi aka buga waya ofishin 'yan sanda na Harlau, wai wata mata ta mutu a kan kujerar aikinta a ƙauyen Bradeni. Sufeto Dorin Chirila ne a bakin aiki. Ya ture kofin da bai sha ba, ya ɗauki makullin mota.

Gidan yana ƙarshen layi, bayan rijiya. Mamaciyar, Otilia Cojan, 'yar shekara ashirin da tara, tana zaune gaban tebur, goshinta a kan kwamfuta, iyafis a kunnuwanta. Shekara biyu ke nan tana amsa wayar abokan cinikin kamfanin Norvia daga wannan ɗaki. Kamfanin yana birnin Iași. Sau biyu kacal ta taɓa taka ofishinsu.

Likita ya ɗaga gashinta, ya nuna ƙuna a bayan kunne.

"Wuta ce. Ta bi ta caja, ta shiga kwamfuta, ta fita ta nan."

Sufeto ya durƙusa ƙarƙashin tebur. Cajar tana ɗauke da lambar kamfani, da ɓurɓushin wata jar takarda da aka kankare. An naɗe wayarta da baƙin salatif, naɗi mai tsafta, na wanda ya san aiki.

"Wa ya naɗe wannan?"

"Ni ne."

Wani dattijo ne tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Ilarie ke nan, mahaifinta. Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran wuta kafin ya ajiye aiki.

"Tun yaushe, Baba?"

"Mako uku. Ta ce tana jan ta a yatsa. Ta ce ta rubuta musu su canja, shiru. Na ga wayar ta ɗan tsage, na naɗe." Ya dubi tafin hannunsa. "Mutum nawa na ja wa kunne kan taɓa wuta? Ga shi ni na kashe tawa."

"Ba a kai nan ba tukuna."

"Ni na kai."

Sufeto ya sa cajar a leda, ya aika da ita ɗakin bincike. Ya san abin da doka za ta ce. Idan naɗin ne sanadi, tsohon nan zai tsaya gaban alƙali da laifin kisa ta hanyar sakaci, bayan ya binne 'yarsa.

Ranar Laraba da safe ya shiga Iași. Ofishin Norvia hawa na huɗu ne, kujeru masu laushi a jere, babu kowa a kai. Ma'aikata ɗari biyu duk suna gidajensu. Manajan kayan aiki, Remus Danciu, ya tare shi da baƙin nakatayi da fuskar jimami.

"Babban rashi ne, Sufeto. Jiya ma na je gaisuwa, na kai furanni da sunan kamfani."

"Wa ke ba masu aiki daga gida kayan aiki?"

"Mu ne. Doka ta ɗora mana, kuma ba ma wasa da ita. Kwamfuta, caja, iyafis, har kujera in mutum ya nema."

"Ta nemi a canja mata caja?"

"Ta nema, mun canja." Ya zaro takarda daga fayil kamar dama ita yake jira a tambaya. "Ga shi. Uku ga wata aka kai mata sabuwa. Ga sa hannunta."

"To me ya sa take aiki da tsohuwar?"

Remus ya ɗaga kafaɗa.

"Ka san mutanen ƙauye. Ba sa yar da abu. Uba ya ce ya iya gyara, sai a ajiye sabuwa don gaba. Da idona na ga kwalin sabuwar jiya, ko buɗe shi ba a yi ba, a ɗakin da aka shimfiɗe ta."

Sufeto ya sauka sito. Matar da ke kula da shi, Viorica, ta kusa sittin, tabarau a kan hanci.

"Ke kika fitar da caja uku ga wata?"

"In takarda ta ce na fitar, na fitar."

"Ba takarda na tambaya ba, Inna."

"Ni dai shekara ɗaya ta rage mini in huta, Yallaɓai. Abin da ke takarda shi na sani."

Ba ta ɗago ta dube shi ba ko sau ɗaya.

Da la'asar ya koma Bradeni. An dawo da gawa daga asibiti tun jiya, an shimfiɗe ta a babban ɗaki cikin akwati buɗe, kyandir a wajen kanta. Tsofaffin mata sun jeru a benci cikin baƙaƙen ɗankwali. Wata ta miƙa masa ɗan kofin tsuika, barasar gargajiya, ya ɗiga kaɗan a ƙasa don mamaciya, ya kurɓa, ya mayar.

Kwalin yana nan inda Remus ya ce. A kan durowa, gaban babban madubin da aka lulluɓe da farin mayafi, a bayan furanni.

Ilarie ya biyo idon Sufeto. Ya matso, ya karanta jikin kwalin. Ya dafa bango.

"Ashe sun aiko. Tana cikin gidana, ni ina can ina naɗe-naɗe."

Sufeto ya sa safar hannu, ya ɗaga kwalin. Gefen mayafin da ke danne a ƙarƙashinsa ya zame, ya sauka yana lilo a bakin durowa.

Ya tsaya da kwalin a hannu. Ya daɗe yana kallon mayafin.

"Ina uwar gida?"

Profira, mahaifiyar Otilia, ta taso daga gefen akwati. Idonta ya bushe, kuka ya ƙare.

"Inna, yaushe kika rufe madubin nan?"

"Litinin. Ina ganin ta cika, kafin ma in kira kowa. Ai ba a barin rai ya waiga ya ga kansa."

"Tun daga nan an taɓa mayafin?"

"Wa zai taɓa? Sai an fita da ita."

"Da kika rufe, akwai wani abu a kan durowar?"

"Hoton bikinmu ne kawai, na kife shi a cikin durowa. Ɗan nan, shekara arba'in ina goge wannan katako. Ko allura aka ɗora sai na sani."

"Wa ya ajiye furannin nan?"

Wata tsohuwa ta amsa daga benci.

"Ɗan birnin nan mai ƙamshin turare. Ya shigo da ƙatuwar jaka kamar zai kwana. Ko alamar gicciye bai iya yi daidai ba, sai juye-juye yake yana neman wurin ajiye fure."

Kwalin da aka ce ya zo uku ga wata yana zaune a kan mayafin da aka shimfiɗa shekaranjiya. Sufeto ya fita da kwalin. Bai so ya ba tsohon fatan da bai tabbata ba tukuna.

Ranar Alhamis da sassafe rahoton ɗakin bincike ya iso. Naɗin salatif lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana can cikin ɗan akwatin cajar, inda ba a taɓa buɗewa ba, kuma ta daɗe.

Ya koma sito, ya ajiye kwalin a gaban Viorica.

"Yau za a binne ta. Ubanta yana can yana cewa shi ya kashe ta. Yaushe kwalin nan ya bar siton nan?"

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Talata. Ƙarfe takwas na safe. Shi da kansa ya sauko ya ɗauka."

"Jar takardar da aka kankare a tsohuwar cajar fa?"

"Ni na manna ta. Wani ma'aikaci ne ya dawo da cajar bara, ya ce ta ja shi har ya faɗi. Ja na nufin a zubar. Remus ya ce a daina zubar da kaya, wai masu aiki daga gida ba sa gani, a ba su." Ta jawo wani fayil daga ƙasan tebur. "Sau uku yarinyar nan ta rubuto. Na buga duka a takarda na ajiye. Ga amsarsa a ta ƙarshe."

Layi ɗaya ne. A yi haƙuri zuwa sabuwar shekara.

Remus yana waya lokacin da Sufeto ya shiga. Ya ga kwalin, ya ga fayil ɗin, ya kashe wayar.

"Ka girma a ƙauye?" in ji Sufeto.

"A'a. Me ya kawo wannan?"

"Da ka girma a can, da ka san yaushe ake rufe madubi. Ka ɗora kwalinka a kan mayafin da aka shimfiɗa bayan ta mutu."

"Wataƙila wani ya matsar da..."

"Talata ƙarfe takwas ya bar sito. Sa hannun nan kuma, gobe masana za su gwada shi da na takardar ɗaukarta aiki. In jira su, ko za ka rage mana hanya?"

Remus ya sassauta nakatayi. Ya zauna.

"Daga takardar ɗaukar aikin na kwafa. Daga sama kullum yabona ake, wai sashena ba ya ɓarnar kaya. Caja ce fa, Sufeto. Wa ya taɓa jin caja ta kashe mutum? Na ɗauka ƙorafi ne irin nasu na zaman gida."

"Tsohon fa? Ka san inda takardarka za ta kai shi."

"Na ce dattijo ne, ba za su ɗaure shi ba."

Sufeto ya zaro ankwa.

Bayan azahar suka iso Harlau. A kan bencin ƙofar ofis wani tsoho yana zaune cikin baƙar kwat, ƙasar maƙabarta a takalminsa, ƙaramar jaka a cinya. Ilarie ne. Ya miƙe da ya ga Sufeto.

"Mun binne ta. Na kawo kaina. Na sako kaya kala biyu da maganina."

Sufeto ya miƙa Remus ga ɗan sandan da ke ƙofa. Aka wuce da shi ta gaban tsohon, kansa a sunkuye.

"Baba, naɗinka bai yi komai ba. Cajar a lalace suka ba ta, kuma sun sani. Kwalin nan, mutumin da aka wuce da shi yanzu ne ya kai gidanka ranar Talata."

Ilarie ya bi bayan Remus da kallo har ƙofa ta rufe.

"Ba hannuna ba ne?"

"Ba hannunka ba ne."

Tsohon ya koma ya zauna a hankali. Ya rungume jakar, ya kifa fuska a kanta. Kukan da bai yi ba tun Litinin ya ƙwace masa.

Sufeto ya zauna a gefensa, ya jira har ya gama. Sannan ya karɓi jakar daga hannunsa.

"Tashi in kai ka gida. Inna tana can ita kaɗai."