Ɓerayen Da Suka Ƙi Mutuwa

Ƙarfe takwas na safe aka bugo wa Sufeto waya cewa an tsinci gawa a cibiyar binciken dafin maciji. Shekararsa ashirin da biyu a aikin ɗan sanda, ya shiga gidajen 'yan fashi ba tare da gabansa ya faɗi ba, amma da ya ji inda za su sai ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba.

"Yallaɓai, ni dai zan tsare mana ƙofar waje," in ji Saja, abokin aikinsa, da suka iso. "Kada masu laifi su sulale."

"Wuce gaba," in ji Sufeto.

Ɗakin macizan dogo ne, babu taga, fitila fara na ci a sama. Akwatunan gilashi sun jeru hagu da dama har kusan rufi. Babu motsin kowa, sai wani sauti siriri kamar ana goga busasshen ganye a kan siminti. Duk inda Sufeto ya sa ƙafa, kawuna na ɗagowa a hankali suna bin sa.

Gawar tana can ƙurya, rigingine, idanu a buɗe. Tsoho ne siriri, ma'aikatan cibiyar na kiran sa Baba Gardi. Shi ke tatsar dafin macizan tun ranar da aka buɗe wurin. A bayan hannunsa na dama akwai huji biyu ƙanana.

Mataimakin shugaban cibiyar, wanda kowa ke ce wa Dakta, yana tsaye da farar riga yana goge tabarau.

"Tsautsayi ne," in ji shi. "Mun tarar da akwatin kasa a buɗe, ita kuma tana ƙarƙashin tebur. Tsufa ya fara cin hannun Baba."

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Jiya da azahar. Daga nan na tafi gida, kaina na ciwo."

Sufeto ya dubi bango. Wata doguwar sanda mai ƙugiya na rataye a ƙusa, safar hannu ta fata na kusa da ita, an ninke ta tsaf.

"Wannan fa?"

"Da ita yake kama su."

"Mutum ya buɗe akwatin kasa, sandarsa na rataye taku goma daga inda yake?"

Dakta ya mayar da tabaransa. "Na ce maka ya tsufa."

Shugabar cibiyar farfesa ce da ta zo daga wata jami'a ta ƙasar waje. Shekararta shida a nan, har harshen mutane ya zauna a bakinta, amma sunan Baƙuwa bai bar ta ba. Sufeto ya same ta a ofis, idanunta sun yi jawur.

"Me kuke yi a nan, a taƙaice?"

"Abin da manoma suka roƙa," in ji ta. "Da muka zo, wani bincike daban muka taho da shi a jaka. Sai suka zaunar da mu, suka ce kububuwa ce ke kashe su a gona, kuma maganin da ake shigowa da shi ba ya jin dafinta, don da macizan wata ƙasa aka haɗa shi. Muka yaga takardunmu, muka sake rubutawa tare da jami'ar nan. Mu ke kawo injuna, su ke jan ragamar aikin. Dafin nan ba ya fita ko'ina sai an samu makarinsa."

"Kin yi magana da Baba a kwanakin nan?"

"Gaisuwa kawai."

Ta faɗi haka tana kallon tebur. Sufeto bai matsa ba. Ya nemi ganin kasar da aka kama. Baƙuwa ta duba wani kati da ke manne a jikin akwatin.

"Haƙorinta ɗaya ya karye ranar Litinin," in ji ta. "Sabon bai fito ba tukuna."

Huji biyu ne a hannun Baba.

Da rana likitan da ya duba gawar ya kira Sufeto asibiti. Ya yaye ƙyallen, ya ɗaga hannun.

"Saran kasa kan kumbura wuri ya yi baƙi. Dubi wannan, ko ja bai yi ba. Bayan ya mutu aka huda shi, da allura. Numfashinsa ne ya tsaya, irin abin da dafin kumurci ke yi." Ya juya gwiwar hannun hagu, ya nuna wani ɗigo a kan jijiya. "Ta nan ya shiga. Kuma babu alamar kokawa. Da kansa ya miƙa hannun."

Sufeto ya mayar da ƙyallen ya rufe gawar. Ya tuna akwatunan kumurci, dukansu a kulle da kwaɗo.

Gidan marigayin ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. 'Yarsa ta fito daga cikin masu zaman makoki, ta tsaya da shi a bakin ƙofa. Mace ce mai kimanin shekara talatin, idonta a bushe.

"Allah ya jiƙan Baba. Yaushe kuka yi magana?"

"Amin. Ya kira ni jiya bayan la'asar, ya ce kada in jira shi da abinci. Ƙarfe ya yanke shi a yatsa, wai Dakta zai yi masa allurar rigakafi sannan ya taho."

"Dakta ya ambata?"

"Dakta." Ta nuna masa wayarta, ƙarfe huɗu da minti goma. "Kwanakin nan ba ya cikin hayyacinsa. Sai ya zauna ya zuba wa bango ido, yana cewa ɓerayen sun daina mutuwa."

"Waɗanne ɓeraye?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Na ɗauka aikin ne ya fara taɓa shi."

Ɗakin ɓerayen na bayan na macizai. Fararen ɓeraye ne masu jajayen idanu, ɗaruruwa, a ƙananan keji. Da Sufeto ya shiga tare da Baƙuwa, suka taso gaba ɗaya suka dafa waya suna kallon su.

"Ɗazu kin ɓoye min wani abu," in ji shi.

Ta jingina da bango. "Na ji tsoron a rufe cibiyar. Shekara shida, ga mutane suna jira."

"Faɗa min yanzu."

"Muna gwada ƙarfin dafi a kan waɗannan. Wanda aka yi wa allura ba tare da makari ba, ba ya kai sa'a guda. Baba ke kwashe matattun. Shekaranjiya ya zo ya ce min wata biyu ke nan bai kwashe ko ɗaya ba. Ya ce shi ya san abin da yake tatsa, amma abin da ke cikin kwalaben firji ba shi ba ne."

"Wa kika gaya wa?"

Ta rufe fuska da hannu. "Mutum ɗaya. Shi ne ke riƙe da ɗayan makullin firjin."

Sufeto ya sa aka ɗauko kwalabe uku daga firji, aka kira Dakta. Ya zaunar da shi a kujerar da ke ƙuryar ɗakin macizai, daidai inda aka ɗauke gawar. Saja ya tsaya a ƙofa.

"Ka ce da azahar ka tafi."

"Haka ne."

"Ƙarfe huɗu da minti goma Baba ya gaya wa 'yarsa za ka yi masa allura."

"Ta ruɗe ne. Baƙin ciki ne."

Sufeto ya ajiye kwalba ɗaya a kan tebur. An rubuta dafin kububuwa a jikinta. Ya kamo ɓera guda a keji, ya ajiye kusa da ita, ya ɗora sirinji a gefe.

"Kai ne gwani. Yi masa, mu zauna mu jira. Idan ya mutu, zan ba ka haƙuri a gaban kowa."

Dakta ya kalli sirinjin, ya kalli ɓeran da ke wanke fuska da hannuwa. A bayansa wani kumurci ya miƙe a cikin gilashi, ya fasa kai, ya tsaya cak. Gumi ya fara tsattsafo wa Dakta a goshi.

"Ruwan gishiri ne," ya ce daga ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Dafin yana ina?"

"Na aika wa wani kamfani a waje. Maganin jini suke son haɗawa da shi, na masu hali. Sun yi min alkawarin ɗakin gwaji nawa na kaina, da sunana a ƙofa." Ya cire tabaransa. "Shekara goma sha biyar ina karatu, Sufeto. Na ce in sun ɗauke ni zan mayar da komai daidai."

"Baba fa?"

"Na roƙe shi. Har ƙasa na durƙusa. Ya ce ya binne mutum tara daga ƙauyensu saboda kububuwa, ba zai yi shiru ba." Ya dubi ƙasa. "Da na ɗauko allurar, shi ya naɗe hannun rigarsa. Har godiya ya yi min."

Baƙuwa ta juya ta fita. Saja ya ciro ankwa.

Da suka fito da shi, rana ta yi sanyi. A bakin ƙofar cibiyar wani manomi na tsaye da buhu a ɗaure, ya riƙe shi nesa da jikinsa. Wani abu na juyawa a ciki. 'Yar marigayin ma tana wurin, ta zo karɓar kayan mahaifinta.

"Kububuwa ce, a gonata na kama," in ji manomin. "Tun safe nake hanya. Ina Baba?"

Dakta ya sunkuyar da kai, Saja ya tura shi cikin mota.

'Yar marigayin ta ajiye ƙullin kayan a ƙasa, ta matsa, ta kama buhun ta saman ɗaurin.

"Baba ya rasu," in ji ta. "Kawo, na san inda ake sa ta."