Tuwon da Ba a Sa wa Wuƙa

A wani zamani, can ƙasar Japan, an yi wata yarinya mai koyon kokawa. Yayarta, abokiyar karawarta, ta yi tafiya mai nisa, har shekara ta juyo ba ta dawo ba.

Ranar bikin sabuwar shekara, makarantarsu ta fito da busasshen tuwon shinkafa don a farfasa a raba. Yarinyar ta so ta ɗebar wa yayarta. Ta doka, ya ƙi fashewa. Ta sake dokawa, ya ƙi. Sai ta ɗauko wuƙa.

Malaminsu ya ce, "A'a, 'yata. Wanda ya yanka tuwon nan, ya yanke zumunci."

Ta ajiye wuƙar, ta yi ta dukansa har hannunta ya kumbura. Da ya fashe, ta ƙulle babban ɓarin a ɗamararta, ta je bakin ƙofa ta tsaya tana duban hanya.