Wasan Taubasai a Zauren Taron Ƙasashe

Suhail yaro ne ɗan unguwar Kusfa, mai baki kamar reza. A makarantarsu ta sakandare, Malama Sa'ida tana koya wa 'yan aji ɗaya kwaikwayon taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowane ɗalibi sai a ba shi ƙasa ya zama wakilinta. Waɗanda suka iya su za a kai babban taro a Kaduna, kuma Suhail ya ƙwallafa rai a kan tafiyar nan.

"Da zarar kun zauna a kujerun nan, ba ku ba ne," in ji Malama. "Bakinku bakin ƙasa ne."

Aka ba Suhail Kenya. Aka ba Sailuba Senegal. To, Sailuba 'yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa. A gida kullum cikin tsokana suke, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, manya kuma sai dai su yi dariya.

Ranar gwaji, Sailuba ta miƙe za ta yi magana kan ambaliyar ruwa. Ba ta taɓa magana a gaban jama'a ba. Muryarta na rawa, sai ta manta abin da za ta ce.

Maimakon Suhail ya yi shiru, sai bakin nan nasa ya kwance. "Ke baiwata, zauna! Wa ya ba bayi izinin magana?"

Wata yarinya ta dafe ƙirji. Suhail ya waiga yana jiran dariya, amma ko mutum ɗaya bai dara ba. Sailuba ta rufe fuska da hijabi ta fita da gudu.

"Innalillahi!" in ji Malama. "Suhail, me ka ce?"

"Wallahi wasa ne, Malama. Taubashiyata ce fa."

"A nan babu taubashi. Kenya ce ta kira Senegal baiwa a gaban duniya. Tashi daga kujerar nan. Ka fita daga 'yan tafiya."

Suhail bai taɓa zaton wasan da aka saba zai jawo masa haka ba.

Da ya koma gida, labari ya riga shi isa.

"Umma, ai kullum haka muke yi," ya ce yana hawaye.

"A tsakar gida kuke yi, tana ramawa," in ji Umma. "Yau kuwa ka same ta tana rawar jiki, ka ƙara mata. Kowane allazi da nasa amanu. Ga shi ta ce ta bar ƙungiyar masu kwaikwayon taron."

Wannan ya fi komai yi masa zafi. Da yamma ya tafi gidan Kawu ya ba Sailuba haƙuri, ya roƙe ta ta dawo ko da shi ba zai je ba.

Washegari ya nemi izinin Malama, ya tsaya a gaban aji. "Wakilin Kenya yana janye maganarsa. Yana neman afuwar mai girma wakiliyar Senegal."

Malama ta dubi Sailuba. "Hukunci na hannunki."

Sailuba ta miƙe. Wannan karon muryarta ba ta yi rawa ba. "Senegal ta yafe. Tana roƙon a mayar da Kenya kujerarta, don ambaliya ba ta ƙasa ɗaya ba ce."

Aji ya ɗauki tafi. Kunya ta rufe Suhail, ga wadda ya muzanta ita ce ta cece shi. Su biyun duka aka tafi da su Kaduna.

Yara, wasa yana da daɗi, amma yana da wuri da lokaci. Kafin ku buɗe baki, ku duba inda kuke, ku kuma duba halin da ɗan'uwanku yake ciki.