Ratar Bayan Makara

Akwatin Gwaji ya rufe a kan Haladu da ɗan huci, fitilun ciki suka mutu, sai ga Birnin Tsamiya a gilashin gaba kamar gaske: kwalta, gadojin sama, masu talla a bakin titi, har da ramin nan na kwanar asibiti da aka shekara goma ba a cike ba. Kujera ta fara kaɗawa a ƙarƙashinsa, sitiyari ya yi nauyi a hannunsa. A damansa wata farar mota ta tsaya, ba kowa a cikinta. Ita ce direbobi suke kira Fatalwa. Danja ta ba da kore, suka fizga.

A shekarar 2088 duk motocin haya na birnin masu tuƙa kansu ne. Mutane suna ce musu marayu, don ba su da kowa a gaba. Ƙwaƙwalwar na'ura ɗaya ce take jan su duka daga ginin hukumar zirga-zirga, kuma ita ce take shiga Akwatin a siffar Fatalwa. Layi ɗaya tak ya rage a hannun ɗan Adam, na Tashar Kuka, direba arba'in da uku, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Hukumar ta ce ita ba ta zalunci: su kawo direba guda ya yi tsere da Fatalwa, kilomita goma sha biyu a kan titunan da aka kwafo daga kyamarorin birni. Gwaji talatin za a ba shi. In ya riga ta ko sau ɗaya, bai taɓa kowa ba, bai karya doka ba, a bar musu layinsu shekara biyar. In ya kasa, su miƙa makullai.

Haladu suka zaɓa, don shekararsa ashirin da shida a kan sitiyari ko akuya bai taɓa bugewa ba. To, ranar farko Fatalwa ta ba shi ratar daƙiƙa hamsin da ɗaya. Ya fito jiƙe sharkaf da gumi, kunya ta hana shi ɗaga ido.

Injiniya Saratu, mai kula da Akwatin, ita ta tausaya masa. Ubanta direban tirela ne kafin marayu su zaunar da shi a gida. Bayan kowane gwaji takan maido masa da hoton tseren a allo, ta nuna masa inda yake zubar da lokaci. Ta ce yana kallon Fatalwa da yawa, ya bar ta ya kalli titi. Ta ce ya taka burki kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Ya shigo daga waje, ya yanke ciki, ya bar motar ta buɗe da kanta, sannan ya ba ta wuta a hankali kada taya ta zame. Da fari abin ya ɓata masa rai, wai yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar fasinja ba ce za ta koya masa tuƙi. Amma da ya gwada ya ga rata ta sauko zuwa talatin, sai ya haɗiye girman kansa ya koma ɗalibi.

Ya haddace hanyar kamar karatun allo. Ko a gida yana cin tuwo, ƙafarsa ta dama tana taka burkin da babu. Rata ta dawo goma sha huɗu, ta dawo shida. A gwaji na ashirin da huɗu ta tsaya a daƙiƙa biyu, ta kafe a nan. Daƙiƙa biyu fa, abin da bai kai atishawa ba! Ya yi na ashirin da biyar, da shida, da bakwai, ko gezau. Saratu ta gaya masa gaskiya, cewa ya kai ƙarshen abin da hannun mutum zai iya.

Akwai wuri ɗaya da su biyun suke tsayawa. A kilomita na tara, a Hanyar Maƙabarta, kyamarorin sun taɓa kama masu jana'iza suna tsallaka titi, aka sa su a cikin gwajin. Kullum makara za ta fito daga lungu, Fatalwa ta tsaya cak, Haladu ya tsaya a gefenta, daƙiƙa tara cur. Fatalwa ta koyi tsayuwar nan ne daga tuƙin tsofaffin direbobi da aka ɗura mata tun farko. Shi kuwa Haladu maigidansa ne ya koya masa, Baba Iro, tun ranar da ya fara ba shi sitiyari: in ka ga makara, ka kashe rediyo, ka tsaya, ka yi wa mamacin addu'a. Har a cikin Akwatin bakinsa kan motsa da addu'ar, ga gawar da ya san hoto ce.

A tsayuwar nan ce ya lura da abin da na'ura ba ta gani ba. Ita layin mutane ɗaya take gani. Shi da ya raka gawa ta fi ɗari ya san biyu ne. Matasa ne suke ɗaukar makara, kuma sauri suke yi. Dattawa suna biye a baya da ciwon gwiwa. Tsakaninsu rata takan buɗe, faɗin mota ɗaya da ɗan ƙari, na kamar daƙiƙa uku.

Bayan la'asar ya je duba Baba Iro, wanda ciwo ya kwantar wata biyu. Ya tarar da ƙanin Baba Iro a wurin, Kawu Barau, tsohon ɗan kamashon tasha mai ɗingishi da ƙafar hagu. Haladu ya zauna a bakin tabarma ya faɗi abin da ya gano, yana magana yana kallon ƙasa.

"Ni ban koya maka haka ba," in ji Baba Iro, ya juya fuskarsa bango.

"Haba Yaya," Kawu Barau ya ce, "hoto ne fa. Gawar hoto, mutanen hoto. Yunwar gida arba'in da uku kuwa ba hoto ba ce."

Washegari Haladu ya tambayi Saratu ko ratsa masu jana'iza karya doka ne. Ta duba ta ce babu inda aka rubuta, don ba wanda ya taɓa zaton sai an rubuta. Sannan ta ajiye abin da yake hannunta ta dube shi.

"Malam Haladu, ka tuna takardar da ka sa wa hannu. Duk abin da ya ci Fatalwa, Fatalwa za ta koye shi. Abin da ta koya kuma, marayu sun koya."

Kada wani ya ce bai ji ba. Ya ji sarai, ya kuma gane. Shi ya sa a gwaji na ashirin da takwas ya tsaya, a na ashirin da tara ma ya tsaya, yana kallon ratar tana buɗewa tana rufewa. Ranar na talatin direbobin tashar duk suka zo suka cika harabar ginin, wasu da 'ya'yansu a kafaɗa. Ya ratsa su ya shiga, suna bin sa da kallo.

Ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba. Kwanar asibiti, shataletale, gangaren gada, duk ya bi su kamar zare a allura, amma Fatalwa tana nan gabansa da daƙiƙa biyunta. Sai makara ta fito daga lungu. Farar motar ta tsaya. Haladu ya sassauta, ya bari matasan suka wuce, ya danna hon sau biyu gajeru, irin bugun da duk Tashar Kuka ta san nasa ne, ya kutsa ta ratar. Bai taɓa ko gefen rigar wani ba. Ya riga Fatalwa da daƙiƙa shida.

Tasha ta ɗauki sowa. Aka ɗaga shi sama, Kawu Barau ya yi ta rawa da gurguwar ƙafarsa har hularsa ta faɗi. Saratu ce ta miƙa masa takardar shekara biyar ɗin, ba ta yi masa murna ba. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, kullum tana tare da shi.

Kwana goma sha takwas bayan haka, ranar Alhamis da hantsi, Allah ya yi wa Baba Iro rasuwa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a ƙofar gida. Haladu ya kama makara ta gaba, hannun dama, ya ƙi bari a karɓe shi. Suka fito daga lungu suna sauri, suka hau Hanyar Maƙabarta, dattawa suna biye a baya. Ta gefen ido ya hango marayu sun taho a jere, ya ga ta gaba ta sassauta. Ba ta tsaya ba, sassautawa kawai ta yi, kuma ya san wannan sassautawar, don daga ƙafarsa aka koye ta.

Mutanen hoto ba sa sake shawara. Kullum taku ɗaya suke yi, kullum ratarsu daƙiƙa uku ce. Amma Kawu Barau ba hoto ba ne. Ya ga ƙofar maƙabarta ta matso, shi kuwa bai sa kafaɗa a makarar yayansa ba ko sau ɗaya. Sai ya bar sahun dattawa, ya ɗingisa da sauri ya shiga ratar, yana miƙa hannu yana cewa a jira shi.

Haladu ya ji hon sau biyu gajeru. Ya ji ƙarar da ta biyo baya, ya ji salati ya tashi. Ba a sakin makara, ba a juyawa da ita. Haka ya ci gaba da tafiya da nauyin maigidansa a kafaɗa, hawaye suna zuba a kan aljihun da takardar take, yana jin marainiya ta biyu tana sassautawa a bayansa.

A ranar nan, kabari biyu suka haƙa.