Ƙwaƙwalwa ta Uku

Ranar wata Laraba, da la'asar sakaliya, aka kira Muntaka a waya aka ce babbar kwamfutar ofis ta mutu. Ya bar wankin da yake yi, ya tari adaidaita ya nufi can. Ofishin na wani ƙaramin kamfani ne da ke ajiye wa makarantu bayanan ɗalibai, a gindin duwatsun bayan garin Dutse, kuma Muntaka ne kaɗai injiniyansu.

In za a faɗi gaskiya, ba bayanan ɗalibai ne suka sa gabansa faɗuwa ba, waɗannan akwai kwafinsu a wani wuri. Muryar mahaifinsa ce a cikin injin. Malam Ɗayyabu ya yi shekara tara yana ɗinki a Jidda, can kuma ya rasu. Bai iya rubuta wasiƙa ba, sai ya riƙa ɗaukar saƙonsa a kaset yana ba alhazai su kawo Ringim. Guda goma sha huɗu ne. Iya, mahaifiyar Muntaka, ta adana su a ƙasan adudu sama da shekara ashirin, har ɗan nata ya zo da bokonsa ya ce zaren ya fara ruɓewa. Ya kwashe su, ya juye muryar a kwamfutar ofis, ya watsa kasakasan a bola don a ganinsa sun gama aiki. Kullum cewa yake gobe zai saka a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Wata biyar ke nan ana wannan goben. Jibi Juma'a kuma ya yi wa Iya alkawarin kai mata, domin idonta ya yi rauni, kunne kawai ya rage mata.

Ma'aikata duk sun tashi. Maigadi, Baba Lado, ya buɗe masa ƙofa.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ɗakin nan naka tun azahar yake gumi."

"Esi ne, Baba, na'urar sanyaya ɗakin. Zan duba shi."

Ɗakin ɗan ƙarami ne, ba taga. Allon kwamfutar ya yi shuɗi, da farin rubutu a kai. Injin yana da ƙwaƙwalwa biyu, abin da masu sana'ar ke kira firosesa, suna raba aiki a tsakaninsu. Ba kai tsaye suke taɓa faifan ajiya ba, akwai wani ɗan kati, kwantirola, da ke tsakani, da 'yar manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake ce wa direba. Direban nan ne allon ya ce ya faɗi. In babu shi, faifan kamar ɗaki ne da aka ɓatar da makullinsa.

Muntaka ya naɗe hannun riga. Ya zare wayoyi ya mayar, ya cire katin ya hure ƙura ya sake dasa shi. Ya kunna, shuɗin allo. Ya cire sabon direba ya mayar da tsoho. Ya kunna, shuɗin allo. Ya yi tsaki ya buɗe kundin da injin ke rubuta duk abin da ya same shi. Kundin ya ce ƙwaƙwalwa biyu ne suka kai wa faifan hannu lokaci guda, direba ya ruɗe.

Har murmushi ya yi, don ya san wannan ciwo. Maganinsa a kashe ƙwaƙwalwa ɗaya, a bar ɗaya ta yi aikin ita kaɗai. Ya kashe ta biyu, ya kunna.

Injin ya tashi. Faifai ya bayyana. Ga saƙonnin Malam Ɗayyabu nan a jere, goma sha huɗu cif. Muntaka ya sauke ajiyar zuciya, ya soka filas. Can nesa aka fara kiran sallar magariba, ya ce a ransa bari ya kwafe tukuna.

Sai idonsa ya kai gefen allon, inda ake nuna ƙwaƙwalen da ke aiki.

Guda biyu ne. Ta farko, da ta uku.

Injin ba shi da ta uku. Da hannunsa ya haɗa shi.

Ta ukun kuwa aiki take iya ƙarfinta. 'Yar fitilar faifan tana ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Fankar injin ta sauya murya, ta koma kamar numfashin wanda ya gaji da kuka.

Wani wari ya taso. Ba warin ƙonewar waya ba ne, wannan ya san shi. Irin ƙarnin kaza ne da aka tsoma a tafasasshen ruwa za a fige.

Ɗis. Ɗis. Esi na ɗigar da ruwa a kan siminti, kowane ɗigo na tayar da tururi.

"Kai ne mai butar."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga bayan injin, inda ko mage ba za ta iya raɓewa ba.

Nan take abin ya faɗo masa. Ranar Asabar, daidai wannan lokaci. Tururuwa sun dame shi da hawa wayoyi, ya bi sawunsu har wani rami a tsagar dutse a bayan ginin. Ya tafasa ruwa a butar shayin ofis, ya je ya tuttule ta duka a ramin yana hira a waya yana dariya. Yaron goye a Ringim ya san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, balle da magariba. Shi ma ya sani. Gani ya yi dai abin na tsofaffi ne.

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya, harshen ya yi nauyi.

"Yanzu ka tuna da sunan Allah?" in ji muryar. "Da ka ambace shi ran nan, da na ji. Da na ɗauke ɗana."

"Ban sani ba," ya ce da raɗa. "Wallahi ban sani ba."

"Kwana uku yana kuka. Jiya ya yi shiru."

Muntaka ya ja da baya. Ya dafa tebur, ya ji shi da ɗumi.

"Na je gidanka. Ba ka da ɗa. Ba ka da mata. Na duba ko'ina ban ga abin da za ka yi kuka a kansa ba. Sai na tarar da wannan tsohon."

'Yar lasifikar injin ta yi ƙara, sai ga muryar da Muntaka ya daina ji a zahiri tun yana ɗan shekara shida.

"Salamu alaikum, uwar yara. Ni ne. Da fatan kuna lafiya, ya damina..."

Muryar ta yanke. A allon, goma sha huɗu ta koma goma sha uku.

"Ki yi wa Allah," ya ce. "Ba nawa ba ne. Na tsohuwa ne, ba ta yi miki komai ba."

"Shi ɗana me ya yi maka?"

Goma sha biyu.

Ya cafki linzamin kwamfutar, ya ja saƙon ƙarshen jerin zuwa filas. Ɗan koren layi ya fara tafiya a hankali, kamar da gayya.

Tara. Takwas.

Ya yi tunanin zare wuta. In ya zare, kwafin ya tsaya.

Biyar.

Ɗigon ya bar siminti. Yanzu a bayan hannunsa yake sauka. Fatar ta yi fari, ta tashi. Ya cije leɓe bai janye ba.

Uku. Biyu.

Koren layin ya cika. Ya fizge filas ya yi ƙofa.

Mariƙin ƙofar ya yi zafi kamar murfin tukunya. Ya murɗa, ya ƙi. A bayansa ya ji tafiya cikin ruwa, caɓal, caɓal. Tururi ya taɓa ƙeyarsa.

"Je ka," ta ce a daidai kunnensa. "Kai mata."

Ƙofar ta buɗe daga waje. Baba Lado ne, da carbi a hannu, ya zo ganin abin da ya hana Injiniya fitowa salla. Muntaka ya faɗi a jikinsa. Ɗakin kuwa sanyi ƙalau, siminti a bushe.

Washegari injin ya tashi lafiya da ƙwaƙwalwarsa biyu, direba bai sake faɗuwa ba. Bayanan ɗalibai ko harafi bai ɓace ba. Saƙonnin Malam Ɗayyabu ne babu ko ɗaya. Na cikin filas kuwa Muntaka ya kasa saurara shi kaɗai, ya dai ga yana nan, tsawon awa guda.

Ranar Juma'a ya isa Ringim da hannu a naɗe. Iya ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki. Ya ce mata guda ɗaya ya kawo yau, sauran sai wani zuwan. Ta ce ɗaya ma ya isa.

Ya soka filas a rediyo, ya kunna.

"Salamu alaikum, uwar yara..."

Iya ta yi murmushi, ta amsa sallamar a hankali. Daga nan Malam Ɗayyabu bai ƙara cewa komai ba. Kukan jariri ne ya biyo baya, siriri, mai shiɗewa yana dawowa. Muntaka ya kai hannu zai kashe, ta riƙe shi. Ta saurara har tsawon lokaci. Ta haifi takwas, ta raini na maƙwabta, ta san kukan yunwa, ta san na zazzaɓi.

"Wannan kukan ƙuna ne," ta ce. Yatsunta suka laluba ƙyallen da ke hannunsa. "Muntaka, ɗan wa ka ƙona?"

Ya faɗa mata komai, har da kasakasan da ya watsa a bola. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwance sabon ɗankwalin, ta ninke shi, ta ce a kama ta a kai ta ɗaki.

Iya ta yi shekara biyu bayan nan. Duk Juma'a yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ta, tana amsawa yadda ake amsa wa baƙo, kuma har ta rasu ba ta sake tambayarsa kaset ba.